Yadda za ka auna martabar makaɗan Shikago da kunnenka

A shekarar 2008 mujallar Gramophone ta Birtaniya ta nemi masu sharhin kiɗa daga ƙasashe daban-daban su jera manyan ƙungiyoyin kiɗan simfoni na duniya. Concertgebouw ta Amsterdam ce ta zo ta ɗaya, sai ta Berlin, sai ta Vienna, sai London Symphony. Ta biyar ita ce Chicago Symphony Orchestra, wadda ake taƙaita sunanta da CSO, kuma duk Amurka babu wadda ta sha gabanta a wannan jeri. Tun kafin nan ana lissafa ta cikin manyan biyar na ƙasar, tare da na New York da Boston da Philadelphia da Cleveland. In ka tambayi masu sauraro abin da aka san ta da shi, amsa guda za su ba ka: mabusanta na tagulla, masu ƙarfin huhu da daidaiton busa. Wasu yabo suke nufi da hakan, wasu kuwa zargi, wai ƙara ta yi yawa har tana danne masu goge.

Wannan muhawara ba sai ka karɓe ta a bakin kowa ba, domin kusan duk hujjojin suna cikin faya-fayai, kuma yawancinsu suna intanet. Abin da ke ruɗa mai sauraro shi ne sautin da ke shiga kunnensa ba aikin makaɗa kaɗai ba ne. Akwai hannun madugun da ke tsaye gabansu da sanda, akwai zauren da aka yi kiɗan a ciki, akwai injiniyan da ya kafa makirufo. Sunan da ƙungiya ta yi kuma, masu sharhi a jarida da kamfanonin faifai suna da rabo babba a ciki. Aikinka shi ne ka koyi raba waɗannan hannuwa.

Kayan da za ka tanada

Lasifikar waya ba za ta yi wannan aiki ba. Kiɗan Richard Strauss mai suna Also sprach Zarathustra yana farawa da gurnani mai zurfi na ogan da manyan goge, wanda karkarwarsa ke wajen sau 32 a daƙiƙa, ƙaramar lasifika kuwa ba ta iya fitar da sauti mai zurfi haka. Za ka zauna kana jin shiru, ka ɗauka faifan bai fara ba. Nemi hedifon mai rufe kunne, ko da mai matsakaicin kuɗi ne, kuma mai waya ya fi sauƙin sha'ani.

A manhajar da kake sauraro, shiga saiti ka kashe abin da ke daidaita ƙarar waƙoƙi ta zama ɗaya, ka kashe duk wani ƙarin bes. Wannan kiɗa ya ginu ne a kan tazarar da ke tsakanin raɗa da tsawa, in na'ura ta matse tazarar ta ɓata maka awo. Ta fuskar data, sauti mai ingancin kilobit 256 a daƙiƙa yana cin kusan megabait 2 a minti ɗaya, wato kiɗan minti 35 zai ci wajen megabait 70. Na kilobit 128 rabin haka yake ci, ya isa a ji karin kiɗa, amma ƙarar faranti da amon zaure sukan dagule a cikinsa. Gara ka sauke faifan tukuna ka saurara ba tare da yankewa ba.

Wajen saita ƙara, tsallaka zuwa minti biyu na ƙarshen kiɗan, inda galibi kowa ke busawa da kaɗawa, ka saita ta yadda ba za ta dame ka ba, sa'annan ka koma farko ka bar maɓallin. Kuskuren da sababbin masu sauraro ke yi shi ne su ƙara murya a wurin da kiɗa ya yi laushi, tagulla na shigowa sai ta buge musu kunne, su yanke hukuncin cewa ƙungiyar hayaniya ce. Ka kuma ajiye takarda da biro, kana rubuta minti da daƙiƙar da ka ji wani abu, don ka iya komawa wurin a wani faifan.

Fara da gane muryoyin kayan kiɗa

Cikakkiyar ƙungiya irin wannan tana da makaɗa wajen ɗari. Kusan sittin masu tsirkiya ne: a babban kiɗa akan zaunar da biyolin na farko 16, na biyu 14, biyola 12, celo 10, da manyan goge na tsaye 8. Bayansu akwai mabusan itace, wato sarewa da obo da kilarinet da basun. Bayan waɗannan sai tagulla: hon mai murɗaɗɗen jiki, tirampet, torombon mai zarewa, da tuba guda ɗaya tak. Can ƙarshe masu tambura da sauran kayan duka.

Hanya mafi sauri ta koyon muryoyinsu ita ce babi na biyu na Concerto for Orchestra na Béla Bartók, a faifan da Fritz Reiner ya yi da makaɗan Shikago a 1955. Bai wuce minti shida zuwa bakwai ba. Ƙaramar ganga ce ke buɗewa, sai kayan busa su riƙa shigowa bibbiyu a jere: basun biyu, obo biyu, kilarinet biyu, sarewa biyu, sai tirampet biyu da aka toshe wa baki. Obo ba zai ɓace maka ba, domin ɗan'uwan algaita ne, da bakin kara biyu ake busa shi, sai dai muryarsa ta fi taushi. A tsakiyar babin tagulla za su yi wani kari mai natsuwa a hankali, kuma nan ne wuri na farko da za ka ji cewa waɗannan mabusa sun iya yin ƙasa da murya. Maimaita babin har sai ka iya faɗin sunan kowane kayan busa kafin ya gama jimlarsa ta farko. In ba ka kai nan ba, kada ka wuce gaba.

Tarihin da ya kamata ka riƙe a ka

Theodore Thomas, haifaffen Jamus da ya girma a Amurka, shi ya kafa ƙungiyar a 1891 bisa gayyatar wani ɗan kasuwa, Charles Norman Fay, wanda ya tara attajiran birnin suka ɗauki nauyin giɓin kuɗi. An yi wasan farko ranar 16 ga Oktoba na wannan shekara a Auditorium Theatre. Wurin yana ɗaukar mutum wajen dubu huɗu, Thomas ya ga ya yi girma, ya dage sai an gina wa ƙungiyar gidanta. Da gudummawar dubban mutane aka gina Orchestra Hall a titin Michigan, bisa zanen Daniel Burnham, aka buɗe shi a Disamba 1904. Makonni uku bayan haka, ranar 4 ga Janairu 1905, Thomas ya rasu. Sunan da ake kiran ƙungiyar da shi yau a 1913 ta ɗauke shi.

Wanda ya gaje shi, Frederick Stock, daga cikin masu biyola na ƙungiyar ya fito, ya kuma riƙe ta shekara 37, har rasuwarsa a 1942. Shi ma Bajamushe ne, kuma wannan yana da muhimmanci ga kunnenka: tushen sautin Shikago na Jamus ne, mai nauyi daga ƙasa, wanda aka gina da kiɗan Beethoven da Brahms da Wagner da Strauss. A zamanin Stock aka fara ɗaukar su a faifai a 1916, aka kafa Civic Orchestra a 1919 don horar da matasan makaɗa, kuma a 1921 Sergei Prokofiev ya zauna da kansa a gaban fiyano ya gabatar da konshatonsa na uku, wato kiɗan fiyano tare da ƙungiya, karo na farko a duniya. Faya-fayan Stock suna da ƙaiƙayin tsohon faifai, ba za su nuna maka kyan sauti ba, amma za ka ji yadda masu goge na wancan lokaci ke zamewa daga wannan murya zuwa waccan, salon da aka rage shi ƙwarai daga baya.

Akwai rana ɗaya a zamaninsa da ta cancanci a tsaya a kanta. Ranar 15 ga Yuni 1933 Stock ya jagoranci simfoni na farko na Florence Price, kuma wannan ne karo na farko da wata babbar ƙungiya a Amurka ta kaɗa simfonin mace baƙar fata. Babinsa na uku ya ginu a kan rawar juba ta bayin da aka kai Amurka daga Afirka. Bayan rasuwarta a 1953 an yi watsi da aikinta tsawon shekaru, sai a 2009 aka tsinci tarin rubutunta a wani yasasshen gida a jihar Illinois. Faifan wannan simfoni da ya fi sauƙin samu yau na makaɗan Philadelphia ne ƙarƙashin Yannick Nézet-Séguin, wanda ya ci Grammy, lambar yabo ta masana'antar faifai ta Amurka, a 2022. Shikago na alfahari da ranar 1933, kuma ta cancanta, sai dai shirun da ya biyo baya shi ma yana cikin tarihinta.

Sauran madugai a jere: Désiré Defauw daga 1943, Artur Rodziński na kakar wasa ɗaya kacal, Rafael Kubelík 1950 zuwa 1953, Fritz Reiner daga 1953 na kusan shekara goma, Jean Martinon 1963 zuwa 1968, Georg Solti 1969 zuwa 1991, Daniel Barenboim zuwa 2006, Bernard Haitink na riƙo zuwa 2010, Riccardo Muti zuwa 2023. An naɗa Klaus Mäkelä ɗan Finland ya kama aiki a 2027. Rubuta waɗannan shekaru a takardarka, domin da ka ga shekarar ɗaukar faifai za ka san zamanin wa kake ji.

Gwajin da ya fi kowanne amfani

Don ka raba hannun madugu da na injiniya da na makaɗi, kana bukatar abu ɗaya da bai sauya ba alhali sauran na sauyawa. Shikago ta ba ka shi. Adolph Herseth ya zama shugaban masu tirampet a 1948, bai sauka ba sai 2001, shekara 53 ke nan a kujera ɗaya. Kuma kiɗan Pictures at an Exhibition, wanda Modest Mussorgsky ya rubuta wa fiyano a 1874, Maurice Ravel ya mayar da shi na cikakkiyar ƙungiya a 1922, da tirampet guda yake farawa, ba kowa a bayansa. Ƙungiyar ta ɗauki wannan kiɗa sau da yawa a zamanin Herseth. Huɗu sun ishe ka: na Kubelík a 1951 a kamfanin Mercury, na Reiner a 1957 a RCA, na Carlo Maria Giulini a 1976 a Deutsche Grammophon, da na Solti a 1980 a Decca.

Kada ka saurari kowanne daga farko zuwa ƙarshe tukuna, domin kunne ba ya riƙe launin sauti na tsawon rabin awa. Ɗauki minti ɗaya da rabi na farko, ka ji shi a faya-fayai huɗun a jere. Rubuta tsawon lokacin da kowane madugu ya ɗauka kafin ya gama wannan gabatarwa. Giulini za ka same shi mai jan ƙafa da faɗaɗa jimla, Solti mai kaifin bugu. Wannan bambanci na madugu ne. Yanzu sake ji, ka manta da sauri, ka tambayi kanka daga ina tirampet ke fitowa. Yana can nesa a bayan dandali ne, ko yana gaban goshinka? In ya tsaya, amonsa na daɗewa ko yana mutuwa nan take? Wannan na zaure da injiniya ne. Abin da ya rage bayan ka cire waɗannan, wato yadda kowace murya ke farawa tsaf ba tare da kakarewa ba, da yadda sautin ke cika ba ya tsagewa, shi ne Herseth.

Na Kubelík ya fi kowanne koyar da darasi. Injiniya C. Robert Fine makirufo ɗaya ya rataye sama da kan madugu a Orchestra Hall, bai kuma taɓa daidaiton sassan ba. Sautin mono ne, ba hagu ba dama, amma duk abin da ka ji na rinjayen wani sashe a kan wani, haka ya kasance a zauren. Na Solti kuwa an ɗauke shi a wani zaure na birnin, Medinah Temple, da makirufo da yawa, a farkon zamanin ɗaukar sauti ta dijital, wadda faya-fayanta na farko sukan yi ƙyalli mai kaifi a sama. In tagulla ta fi tsaya maka a kunne a 1980 fiye da 1951, ka tuna da yawa daga cikin manyan mabusan ba su sauya ba. Arnold Jacobs yana kan tuba daga 1944 zuwa 1988, Edward Kleinhammer yana kan babban torombon daga 1940 zuwa 1985.

Daga nan yi haka da wasu gaɓoɓi uku na wannan kiɗa. A wanda ake kira Samuel Goldenberg and Schmuÿle, tirampet mai toshen baki yana maimaita muryoyi masu tsini da sauri, wuri ne da mabusa ke tsoro, ka duba ko bugun yana nan daidai har ƙarshe. A Catacombs, tagulla ce ke riƙe dogayen muryoyi tare, ka saurara ko akwai wata karkarwa mai kai da komo a tsakaninsu, alamar cewa wani ya ɗan kauce. A Great Gate of Kiev, na ƙarshe, tambayar ita ce ko kana iya jin masu goge sa'ad da kowa ya buɗe wuta. A nan ne masu zargin Shikago suke kafa hujjarsu, a nan kuma za ka ga amsar ta bambanta daga faifai zuwa faifai.

Zamanin Reiner

In lokacinka kaɗan ne, ba wa Reiner mafi yawansa. Ɗan Hungari ne, haifaffen Budapest a 1888, ya san Bartók tun a gida, kuma ya yi suna da abu biyu: ƙanƙantar motsin sandarsa, wanda ke tilasta wa makaɗa su zuba masa ido, da tsananin da ya sa suke shakkarsa. Ya zo a daidai lokacin da RCA ke gwajin sitiriyo, wato sauti mai hagu da dama. A Maris 1954 aka ɗauki Also sprach Zarathustra da Ein Heldenleben a Orchestra Hall, shekaru huɗu kafin faifan sitiriyo ya shiga kasuwa sosai. Makirufo kaɗan aka yi amfani da su, kuma zauren a lokacin yana da amo mai kyau in babu jama'a a ciki. Haɗuwar waɗannan abubuwa ce ta sa har yau masu gwada kayan sauti ke amfani da faya-fayan.

Fara da Zarathustra, amma ka lura da shekara, domin Reiner ya sake ɗaukarsa a 1962. Bayan shi sai Scheherazade na Rimsky-Korsakov, na 1960. Babinsa na huɗu ne wurin awo: ana gudu ƙwarai, tirampet da sarewa suna maimaita murya ɗaya da saurin harshe, kuma ba wanda ya riga wani ko ya makara. Sa'annan koma babi na uku, mai laushi, ka ji masu biyolin. Wanda ya ce ƙungiyar ba ta da masu goge na kirki, a kunna masa wannan. A ganin masu sauraro da yawa, kuma da hujja, daidaiton sassan ƙungiyar bai taɓa kai na waɗannan shekaru ba.

Za ka ji wani siririn huci a bayan kiɗan, musamman inda aka yi shiru. Na tef ne, ba lalacewa ba ce. In ka sami kwafin da babu hucin ko kaɗan, yi hattara, domin mai yiwuwa an goge shi da kwamfuta, kuma gogewar takan tafi da ƙyallin goge da amon zaure. Reiner ne kuma ya sa Margaret Hillis ta kafa ƙungiyar mawaƙa ta CSO a 1957. Abin da bai yi ba shi ne fita da su waje. An shirya musu rangadin Turai a 1959 ya soke shi, abin da makaɗan suka daɗe suna jin haushinsa, don haka Turai ta san su a faifai kawai.

Solti da zargin ƙara

Sunan da ƙungiyar ta yi a duniya, a zamanin Solti ta yi shi. Shi ma ɗan Budapest ne, kuma ya zo da kwantiragin Decca a hannu. A 1971 ya kai su rangadinsu na farko a Turai, a tafiyar ne suka ɗauki simfoni na takwas na Mahler a Vienna, da suka dawo aka yi musu jerin gwanon tarba a titunan Shikago. A 1973 hotonsa ya hau bangon mujallar Time. Ka lura da abin da wannan ke nufi: ƙungiyar da Turawa suka yi mamakinta a 1971, akasarin ginshiƙanta tun zamanin Reiner suke zaune. Martaba ta biyo ƙwarewa a baya da shekaru fiye da goma.

Faifan awo a nan shi ne simfoni na biyar na Mahler, na 1970. Akwai wani da Solti ya sake yi da su a gaban jama'a a Vienna a 1990, kada ka haɗa su. Babi na farko Herseth ne ke buɗe shi shi kaɗai da busar jana'iza. A babi na uku hon guda ne ke jan ragama, mai busa shi Dale Clevenger, wanda ya riƙe kujerar daga 1966 zuwa 2013. Babi na huɗu, Adagietto, masu tsirkiya ne kawai da hap, wanda ake kaɗa tsirkiyoyinsa da yatsu, babu tagulla ko ɗaya. Nan za ka auna zargin. Saurare shi, sa'annan ka nemi wannan babi daga makaɗan Vienna ko Berlin ko Amsterdam. Wataƙila ka ji na Shikago ya fi miƙewa da tsauri, na Turai ya fi zagaye da ɗumi. In haka ka ji, ba ka yi kuskure ba, amma kafin ka ɗora laifin a kan makaɗa sai ka koma babi na uku na Scheherazade, ka kuma ji Giulini da su a shekarun 1970. Mutanen kusan ɗaya ne, abin da aka nema daga gare su ne ya bambanta.

Zaure ma yana da laifinsa. A 1966 an yi wa Orchestra Hall gyaran da ya busar da amonsa, shi ya sa kamfanonin faifai suka ƙaura zuwa Medinah Temple. Zaure mai bushewa ba ya taimakon goge, kuma makaɗan da ba sa jin amonsu na dawowa sukan ƙara ƙarfi. An sake babban gyara daga 1995 zuwa 1997, aka faɗaɗa dandali aka rataye rufin da ke mayar da sauti, wurin ya koma Symphony Center. Don haka duk faifan da ka ɗauka, karanta abu huɗu a bayansa: madugu, kamfani, wurin ɗauka, da shekarar ɗauka. Manhajoji sukan nuna shekarar da aka sake fitar da faifai, sai ka ga 2004 a kan aikin 1955.

Yadda za ka karanta yabo da suka

Ƙungiyoyin Amurka ba gwamnati ke riƙe da su ba kamar yawancin na Jamus. Kuɗin tikiti da kyautar masu hannu da shuni da ribar asusun ajiya ne ke tafiyar da su, kuma kwamitin amintattu ne ke da ta cewa wajen naɗa madugu, saɓanin Berlin inda makaɗa ke jefa ƙuri'a. A irin wannan tsari, mai sharhi a babbar jarida yana iya girgiza kujerar madugu. Claudia Cassidy ta jaridar Chicago Tribune ta matsa wa Kubelík, ana kuma ƙorafin yana yawan kawo sababbin kiɗa, ya tafi bayan kaka uku, daga baya ya yi shekaru 18 yana jagorancin makaɗan rediyon Bavaria cikin daraja. Martinon ma ya sha suka a hannunta. Kafin ka yarda cewa zamaninsa koma baya ne, nemi simfoni na huɗu na Carl Nielsen da ya ɗauka a 1966, ka ji ƙarshensa inda masu tambura biyu ke fafatawa daga ɓangarori biyu na dandali. Yana cikin mafi kyawun abin da ƙungiyar ta taɓa ɗauka.

Kyaututtuka ma haka. Faya-fayan CSO sun ci Grammy fiye da 60, Solti shi kaɗai yana da 31, mafi yawansu da Shikago, kuma ba a wuce shi ba sai a 2023 da Beyoncé ta karɓe kambun. Amma masu jefa ƙuri'ar 'yan masana'antar faifai ta Amurka ne, ƙungiyar da ke da babban kamfani a bayanta kuma tana fitar da faifai duk shekara ta fi samun dama. Jerin Gramophone ɗin nan ma ra'ayin mutane ƙalilan ne a shekara guda.

Bayan Solti, Barenboim ya nemi sauti mai ɗumi da sassauci, madugu Pierre Boulez da Haitink suka kawo natsuwa da tsabta. Ƙungiyar ta buɗe kamfanin faifanta, CSO Resound, a 2007. Don zamanin Muti, nemi Requiem na Verdi da aka ɗauka a 2009, wanda ya ci Grammy biyu, da bidiyon simfoni na tara na Beethoven na 2014 da ke shafinsu na YouTube kyauta. Bidiyon yana da amfanin da sauti ba shi da shi, za ka ga wa ke busa me. A 2019 makaɗan sun yi yajin aiki na makonni bakwai a kan albashi da fansho, mafi tsawo a tarihinsu.

In ka sami kanka a Shikago

Kakar wasa tana farawa a Satumba ta ƙare a Yuni, galibi Alhamis zuwa Asabar, wani lokaci har Lahadi ko Talata. Zauren yana lamba 220 a titin South Michigan, daura da gidan adana zane na Art Institute, yana ɗaukar mutum kusan 2,500. Kujerun can sama sun fi araha kuma sautin yana isa wurin a haɗe, sai dai matakalar tana da tsayi. Guji kujerun ƙasa da ke can ƙarƙashin baranda, rufin yana tare amo. Kujerun bayan dandali suna ba ka fuskar madugu, amma za ka zauna a kan tambura da tagulla, goge kuma suna fuskantar wani wajen, don haka ba wurin auna daidaito ba ne.

Wasa yakan ɗauki awa biyu da hutun kusan minti ashirin. Wanda ya makara sai ya jira a waje har a kai gaɓar da aka tsaya. Kafin madugu ya fito za ka ji obo ya ba da murya ɗaya kowa ya daidaita kayansa da ita. Ba a tafi tsakanin babi da babi, don haka duba takardar shiri ka ƙirga babobin, ko ka jira madugu ya sauke hannu ya juyo. A Yuli da Agusta ƙungiyar tana komawa bikin Ravinia a Highland Park, arewa da birnin, inda take wasan bazara tun 1936, kuma jirgin ƙasa na Metra yana tsayawa a bakin ƙofar. Masu zama a kan ciyawa ta lasifika suke ji, wanda ke son sautin ƙungiyar na ainihi sai ya sayi kujera a cikin rumfa. Mai bin shirye-shiryen tashar rediyon Shikago, WFMT, ta intanet daga Najeriya ko Nijar kuma ya ƙara awa shida a kan agogon Shikago daga tsakiyar Maris zuwa farkon Nuwamba, awa bakwai a sauran watanni.